Yadda Za Ka Ziyarci Ƙal'ar Salahuddin Ba Tare da Ka Ga Salahuddin Ba

Duk wanda ya sauka a Alƙahira, ko ganin likita ya kawo shi, ko sarin kaya, ko duba yaron da aka tura karatu Azhar, akwai ranar da wani zai dube shi da fuskar tausayi ya ce ai bai kamata ya koma gida bai hau Ƙal'a ba. Galibi mai wannan magana ɗalibi ne ɗan gida, wanda ya hau a shekararsa ta farko, bai kuma sake marmarin komawa ba sai da Allah ya kawo masa baƙo mai biyan kuɗin tasi. Ba zan ɓata maka lokaci da zancen biza ko gorar ruwa ba, wanda ya iya kai kansa Masar ya wuce a koya masa wannan. Abin da ba a gaya wa mutane shi ne wahalar da ake sha a kan dutsen nan da gangan aka tsara ta. An gina wurin ne don wanda ya taso daga cikin gari ya iso sama a galabaice, yana haki, ya manta rabin ƙarar da ya kawo, kuma kusan shekara 850 ke nan ginin bai yi fashin wannan aiki ba. Galibin abubuwan da za a nuna maka an rushe an sake, an kwashe an liƙa. Gajiyar ce dai ta asali, don haka ka riƙe ta da kyau, ita ka biya.

Shawara ta farko, ka cire rai da Salahuddin tun daga ƙofa. Sunansa ke bakin direba, sunansa ke bakin mai sayar da tsaraba, amma bawan Allahn nan bai taɓa tarewa a wurin ba. A 1176 ya ba da umarnin fara ginin a kan wani reshe na duwatsun Muƙaɗɗam, ya damƙa aikin a hannun amintaccensa Baha'uddin Ƙaraƙush, a 1182 ya bar Masar zuwa yaƙe-yaƙensa na Sham, bai sake dawowa ba har ya rasu a Dimashƙ a 1193. Wanda ya fara zama a ciki ɗan ɗan'uwansa ne, al-Kamil, wajen 1207. Wasu daga cikin duwatsun ginin daga ƙananan dalar Giza aka ɓamɓaro su, cikin masu ɗaukar su kuma akwai fursunonin yaƙi na Turawan Salibiyya. Shi kuwa Ƙaraƙush da ya tsaya a rana har aka ɗora dutse kan dutse, ladan da ya samu shi ne har gobe da sunansa Misirawa ke buga misalin hukunci marar kan gado. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da idonka zai fara sauka a kai, wato ƙaton masallacin nan mai ƙubbobi da siraran hasumiyoyi biyu da suka haura mita 80, wanda ke jikin takardar fam 20, na Muhammadu Ali Basha ne, an fara shi a 1830, shekara 637 bayan rasuwar Salahuddin, kuma sai da aka share abin da ya rage na fadojin sarakunan Mamalik kafin a sami filinsa. Babbar ƙubbar ma da za ka ɗaga kai kana kallo har jijiyar wuya ta riƙe, ta Basha ta tsage, an sauke ta an ɗora wata a shekarun 1930. Saboda haka in ɗan rakiyarka ya nuna ta ya ce, "Alhaji, dubi aikin Salahuddin," ka ce Masha Allah ka wuce. Rana ta take, kuma shi ya san hanyar komawa masauki.

Shawara ta biyu, kada ka nemi inuwa. Mota za ta ɗauke maka mafi yawan hawan, ta sauke ka ta gefen titin Salah Salim, ka biya tikitin baƙi wanda ya ninka na ɗan ƙasa, sai ka ɗauka ai an yi mai wuyar. Daga nan ne tudun zai fara, shimfiɗaɗɗen dutse mai mayar da zafin rana ta ƙasan takalmi, sannan fili, sannan ƙofa, sannan wani filin. Duk abin da ka hango kusa yake, duk abin da ka nufa sai ya matsa. Wanda bai san dawan garin ba zai ce masu ginin ba su san bishiya ba ne. Sun san ta sarai. Farfajiyar bariki ana barin ta fayau ne don a jera sojoji, don kuma wanda ke saman ganuwa ya ga duk mai tahowa tun daga nesa ba tare da ya sami abin raɓewa ba. Kai da ke tsakiyar filin kana neman inda za ka fake, kana tsaye ne daidai inda aka so baƙo ya tsaya. A ƙofar masallaci kuma sai batun takalmi ya taso. Kai Musulmi ne, tun kana yaro kake cire takalmi a ƙofar masallaci ka riƙe abinka a hannu, tafi da tafi, amma a nan akwai mai jiran ya adana maka su da fara'ar da ke da farashi, akwai mai ɗaura wa Turawa wata jakar ƙyalle a ƙafa, akwai kuma 'yan makaranta da aka kawo mota-mota, kowane na son hoto da kai. Ka tanadi canji. Na goro a wannan dutse ba ya ƙarewa, kuma takardar fam babba in ta fita ba ta dawowa da 'ya'ya.

Ta uku ta shafi agogo ne, kuma a nan sai an yi haƙuri da ni. A harabar masallacin Basha akwai hasumiyar ƙarfe mai ado, da agogo a samanta. Sarkin Faransa Luwi Filib ne ya aiko da shi a tsakiyar shekarun 1840, tukuicin wani dogon ginshiƙin dutse guda na zamanin Fir'aunoni da Basha ya ba Faransa daga Luksor. Ginshiƙin ya haura shekara 3,000, an tsayar da shi a tsakiyar Paris a 1836, yana nan tsaye har yau. Agogon kuwa ya shafe sama da shekara 150 bai gaya wa kowa lokaci ba, sai a 'yan shekarun nan aka ba da sanarwar an gyara shi. Ka ba da saniya mai ciki a maido maka da zakaran da ba ya cara, sannan ka gina masa akurki a tsakiyar gida don baƙi su gani. Kowane ɗan jagora zai ba ka wannan labari yana dariya, kai ma ka yi dariyar, amma ka lura da abin da ke ƙarƙashinta. Mutumin da ya yi wannan ciniki ba wawa ba ne. Ɗan asalin garin Kavala ne a ƙasar Girka ta yau, ya zo Masar a matsayin hafsan sojan Albaniya, ya mulke ta daga 1805 zuwa 1848. Dutsen Fir'auna bai ɗauke shi bakin komai ba, goyon bayan Faransa yake saye, kuma ya san abin da yake yi. Kayan ƙasa ne aka bayar, ba a tambayi 'yan ƙasa ba, don daga wannan tudu ba a saba tambayar kowa ba.

Kafin rana ta gama da kai, ka ratsa zuwa masallacin Sarki al-Nasir Muhammad, wanda ayarin masu kamara ke wucewa ba ko waiwaye. An gina shi a 1318, aka faɗaɗa shi a 1335, ginshiƙansa ba biyu da suka yi kama, don daga tsofaffin gine-ginen Fir'aunoni da na Rumawa aka tattaro su. Bangonsa tsirara yake domin Sarkin Turkiyya Salim na Ɗaya, da ya ci Masar a 1517, ya sa an ɓare marmaran an yi Santambul da shi. A zamanin wannan al-Nasir ne, a 1324, Mansa Musa na Mali ya yada zango a Alƙahira kan hanyarsa ta Makka, da zinariyar da ta karya farashi a kasuwar garin. Masanin tarihi al-Umari ya ruwaito cewa Mansa ya yi ta zillewa hawa Ƙal'a, yana cewa shi aikin hajji ya kawo shi, domin ya san al'adar fadar ita ce baƙo ya sumbaci ƙasa gaban sarki. Da aka matsa masa ya hau, sai ya bayyana cewa sujadarsa ga Allah da ya halicce shi yake yin ta. Ka ga ke nan mutumin da ya fi kowa dukiya a zamaninsa sai da ya yi ta neman hanyar kauce wa wannan hawa, kai kuma da kuɗinka ka saye shi. Zauren da aka karɓe shi babu shi yanzu, kada ka wahalar da ɗan rakiya da tambaya, zai nuna maka wani bango ne kawai don ka ƙyale shi.

Mai hankali zai ce an cika son zargi. Kagara ce, a lokacin yaƙi aka gina ta, kuma barazanar gaskiya ce: a 1168 rundunar Salibiyya ta iso har bakin Alƙahira, aka ƙona tsohon garin Fusɗaɗ don kada ya faɗa hannunsu. Wannan haka yake, kuma Salahuddin ya yi niyyar zagaye garuruwan biyu da ganuwa ɗaya wadda Ƙal'a za ta zama makullinta. Sai dai a duba abin da ya biyo baya. Turawan Salibiyya ba su sake isowa nan ba, a yankin Dimyaɗ da Mansura aka tare su, a 1221 da 1250. Mongol kuwa a Ainu Jalut ta Falasɗinu aka karya su a 1260. Baƙin da suka ci Masar da gaske a fili suka ci ta: Turkawa a Raidaniyya a 1517, Napoliyon a Imbaba a 1798, Ingilishi a Tallul Kabir a 1882, kuma washegarin wannan yaƙi dakarun Ƙal'a suka miƙa makulli ba tare da an yi harbi ba. Ganuwar da ta gajiyar da kai yau ba ta taɓa gajiyar da ko ɗaya daga cikinsu ba. To da wa take faɗa? Salahuddin baƙo ne a garin, Bakurde ne da ya kawar da daular Faɗimiyya a 1171, bayan ya murƙushe rundunarsu ta baƙaƙen sojoji a cikin titunan Alƙahira a 1169. Fadar Faɗimiyya a tsakiyar gari take, cikin mutanen da bai amince da su ba. Yana bukatar wurin da zai riƙa ganin garin, garin kuma ba ya iya taɓa shi. Duk wanda ya gaje shi ya fahimci darasin. Da mutanen Alƙahira suka yi wa Faransawa bore a watan Oktoban 1798, daga waɗannan tuddai aka yi wa unguwar Azhar ruwan igwa, sannan sojoji suka shiga masallacin da dawakansu. Ingilishi ma da suka karɓa, bariki suka mai da wurin har 1946, kuma ba teku suke gadi daga can ba.

Ta huɗu, ko ta biyar, lissafin ya kwance, ka je bakin dakalin da ake hango gari. Nan ne mai gardama zai sami abin riƙewa, kuma zan ba shi gaskiyarsa: kallon yana da kyau ƙwarai. Hasumiyoyi ba iyaka, in ƙura ta yi sauƙi har dalar Giza ana hangowa, da azumi kuma daga wannan tudu aka saba buga igwar shan ruwa. Amma ka sunkuyar da ido ƙasa kaɗan. Manyan gine-gine biyu da ke gabanka, ɗaya masallacin Rifa'i ne, inda aka binne Sarki Faruƙ da Shah na Iran na ƙarshe, ɗayan kuma makarantar Sarki Hasan ce da aka fara a 1356. Tsayinta ya sa duk sarkin yaƙin da ya yi tawaye sai ya hau rufinta ya riƙa jifan Ƙal'a, har Sarki Barƙuƙ ya gaji ya sa aka rushe matakalarta a 1391. Wato yaƙin da wannan ganuwa ta fi sani na cikin gida ne. Cikin gidan ma har ɗakin wanka: a 1257 Shajaratud Durr, baiwar da ta hau gadon sarautar Masar, ta sa aka kashe mijinta Aibak yana wanka, ba a jima ba ita ma aka kashe ta da dukan takalman katako, aka jefar da gawarta daga saman ganuwa. A 1805 jama'ar gari ƙarƙashin jagorancin Umar Makram suka yi wa gwamna Khurshid Basha ƙawanya a ciki, aka hau da igwa kan Muƙaɗɗam da ke bisa kansa, har ya sauka aka ɗora Muhammadu Ali. Shekara huɗu bayan haka sabon gwamnan ya kori Umar Makram daga garin. Ya kuma gina wata ƙaramar kagara a saman Muƙaɗɗam, don kada wani ya yi masa abin da aka yi wa na gabansa.

Sai kuma 1 ga Maris, 1811, wadda za a ba ka labarinta ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba. Basha ya gayyaci manyan Mamalik bikin sallamar ɗansa Ɗusun da zai tafi yaƙi Hijaz. Aka sha gahawa, aka hau dawaki, ayari ya gangara ta wata siririyar hanya da aka sassaƙe cikin dutse zuwa ƙofar Azab. Aka rufe ƙofar a gabansu, sojoji daga sama suka buɗe wuta. Adadin da aka fi ambata shi ne mutum 470. Ɗan jagora zai tsallake wannan da sauri ya kai ka ga wanda aka ce ya tsira ta hanyar dirowa da dokinsa daga saman ganuwa, zai ma nuna maka wurin, kuma jagoran da ke bayansa zai nuna wa mutanensa wani wurin daban. Shawarata a nan gajera ce: in mai mulki ya gayyace ka walima a kan dutse mai ƙofa ɗaya, ka aika da uzuri.

Akwai masu cewa bai dace a auna mutanen da da ma'aunin yau ba, kowace daula haka ta kafu, kuma Mamalik ɗin ma ba waliyyai ba ne, Basha kuwa shi ya kafa makarantu da masana'antu da rundunar zamani. Na yarda ba waliyyai ba ne, na yarda da makarantun. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake shirya labarin a kan dutsen, ta yadda mai ziyara zai sauko ya san sunan kowane Basha, bai ji ɗuriyar kowa ba cikin waɗanda aka taka. A tsohuwar fadar matan Basha aka buɗe gidan tarihin soja, ɗaki bayan ɗaki na kaki da takubba da hotunan nasara, ƙafarka na zogi kana bin kibiyar da ba ta nuna hanyar fita. Rundunar zamanin nan da ake yabo, daga ina aka samo ta? A 1820 Basha ya tura ɗansa Isma'il ya ci Sudan, abin da yake nema kuwa zinariya ce da bayin da za a mayar sojoji. Aka kwaso mutane daga Sinnar da Kordofan, ƙasashen da hanyar alhazanmu ta ƙafa ta daɗe tana ratsawa, aka kora su zuwa Aswan, da yawa suka mutu a hanya ko a sansani. Isma'il ɗin kansa a Shandi aka ƙona shi a 1822, bayan ya wulaƙanta sarkin garin, Mak Nimir. Da bayin suka ƙi yin auki sai aka koma kan manoman Masar, ana kama su da ƙarfi, har ta kai mutum ya yanke yatsarsa ko ya tsiyaye idonsa don kada a ɗauke shi. Wannan ma'aunin zamaninsu ne, wanda ya yanke yatsarsa ya riga ya yanke hukunci tun a lokacin, ba ya jiran wani marubuci ya zo ya yi masa. Kabarin Basha na nan cikin masallacinsa daga dama in ka shiga, da marmara da shingen tagulla. Ka yi masa addu'a in ka ga dama, amma ka haɗa da waɗanda aka taka.

Akwai wasu shawarwari da na tanada kan tsaraba da kan banɗaki, na fasa. Saura abu ɗaya da za a iya cewa na zamanin Salahuddin ne ba tare da an yi ƙarya ba, ban da tsofaffin ganuwoyin arewa, wato rijiyar Yusuf. Ƙaraƙush ya sa aka haƙa ta cikin dutse, zurfinta kusan mita 90, hawa biyu, da hanya mai zagaye da ake gangarawa da shanu zuwa tsakiya su riƙa juya ƙafar katako mai ɗauke da tuluna. Yusuf sunan yanka ne na Salahuddin, ko da yake za ka sami mai rantse maka cewa nan ne aka jefa Annabi Yusufu, Alaihis Salam, wanda ya riga rijiyar da dubban shekaru. An yi ta ne don na sama su sha ruwa ko da na ƙasa sun tare hanya, kuma sau da yawa a kulle za ka same ta, don haka ka leƙa ta jikin ƙofa ka ce ka gani. Tun 1874 mai mulkin lokacin, Khidiwi Isma'il, ba wanda aka ƙona a Shandi ba, ya gaji da tudun ya sauko da gwamnati fadar Abidin cikin gari, sai a 1983 aka buɗe wa irinmu ƙofa. Wajen fita, direbobin da ke jira sun ga fuskarka, sun ga yadda kake jan ƙafa, sun san ba inda za ka da kanka. Duk kuɗin da na farko ya faɗa ka raba biyu, in ya ƙi ka juya kamar za ka tafi da ƙafa. Ya san ba za ka iya ba, amma al'ada ce, zai bar ka ka yi taku goma kafin ya kira ka.